A Auna Yaro Kafin A Saya Masa Bindigar Gasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayanin wani al'amari da na sa hannu a cikinsa nan ƙasar Ingila, inda na ke aikin akawu. Al'amarin kuwa shi ne yadda a ke zaɓa wa yaro matashi bindigar gasa, a kuma gyara ta har ta dace da jikinsa. Na sani wani zai ce, ina ruwan yaro da bindiga? To, ya yi haƙuri ya bi ni sannu, zai ga wannan wasa ne mai doka da ladabi, babu farauta a cikinsa, balle faɗa.

Ga yadda wasan ya ke. A kan yi wani ɗan faifai da farar ƙasa da kwalta, faɗinsa milimita 110, nauyinsa wajen giram 105. Wani inji ne ke cilla shi sama da ƙarfi, maharbi kuwa ya bi shi da bindiga ya fasa shi kafin ya faɗi. Turawa suna kiransa tantabarar yumɓu, domin a zamanin da tantabaru masu rai a ke saki a harbe, har a wasannin Olamfik na birnin Faris a 1900 an yi haka. Wani Ba'amurke, George Ligowsky, shi ya ƙago faifan a 1880, sa'an nan Ingila ta hana gasar harbin tsuntsayen da a ke tsarewa a 1921. Bindigar wasan ba harsashi guda ta ke fitarwa ba, ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa, su kan bazu kamar an watsa tsabar gero.

Yara matasa sun daɗe suna yin fice a wannan wasa. Kim Rhode ta Amurka tana da shekara 17 ta ci lambar zinariya a Atlanta a 1996. Vincent Hancock yana da shekara 19 ya ci tasa a Beijin a 2008, ya kuma sake ci a wasannin Landan da na Tokiyo da na Faris. Amber Hill ta Ingila tana da shekara 15 ta rinjayi manyan mata a gasar cin kofin duniya a 2013. Saboda haka iyaye da yawa su kan yi ɗoki, su ruga kanti su sayo abin da idonsu ya so, a nan ne kuwa ɓarna ta kan shigo.

Dalilin da ya sa na shiga maganar shi ne ɗan wana, yaro mai shekara 14, wanda ubansa ya ba ni amanarsa domin karatu. Ya shiga ƙungiyar harbin faifai, malaminsu ya ga yana da hannu, ya ce lokaci ya yi da za a nema masa bindigar da zai saba da ita. Nan da nan shawara ta zo mini ta hanya biyu. Wani maƙwabcinmu dattijo, mutumin kirki, ya ce a riƙa kai yaron da tsohuwar bindigarsa, ba sai an kashe ko kwabo ba. Wana kuma ya aiko cewa in sayi irin wadda zakarun duniya ke riƙewa, ko nawa ne zai biya. Na gode wa dukansu biyu, amma ban bi ko ɗaya ba. Kayan aro ba ya rufe katara, tsada kuma ba ta san faɗin kafaɗar yaro ba. Bindigar da ba ta dace da yaro ba ta kan nausa shi a kumatu da kafaɗa, bayan kwana kaɗan sai ya fara runtse ido yana ɗage kai tun kafin ya taɓa kunama. In wannan tsoro ya zauna a jikinsa, cire shi ya fi koyar da harbin wuya, yara da yawa kuwa a nan su ke barin wasan suna zaton su ne ba su iya ba.

Abu na fari da malamin ya duba shi ne ido. Yawancin mutane suna da ido guda wanda ya fi ɗan'uwansa iko. Ga yadda a ke ganewa: mutum ya buɗe idanunsa biyu ya nuna wani abu mai nisa da yatsa, sa'an nan ya rufe ido ɗaya. In yatsan ya tsaya a kan abin, idon da ke buɗe shi ne mai iko, in kuwa ya kauce, ɗayan ne. Yaronmu da dama ya ke rubutu, amma aka tarar idonsa na hagu ke mulki. In ya sa bindiga a kafaɗar dama, idon hagu zai riƙa jan bakinta gefe, ya yi ta kuskure bai san dalili ba. Magani iri biyu ne: ko a liƙa wani ɗan ɗigo a gilashin tabarau ya tare idon hagu, ko a mai da yaro kafaɗar hagu. Da ya ke bai daɗe da farawa ba, aka zaɓi na biyu, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu karɓar bindigar dattijon, domin ƙotarta an karkata ta ne saboda mai harbi da dama.

Abu na biyu shi ne faɗin bututu da nauyi. Lamba 12 da lamba 20 su ne a ka fi sani. Asalin lissafin kuwa, in aka yi ƙwallayen dalma daidai da faɗin bututun, guda 12 su ne laba ɗaya a lamba 12, guda 20 a lamba 20. Watau lamba 12 ta fi faɗi, wajen milimita 18 da rabi, lamba 20 kuwa ba ta kai 16 ba. Mutane su kan ce a ba yaro lamba 20 domin ba ta da nauyi. Amma fa a lura, nauyin bindiga shi ke shanye naushinta, mara nauyi in an sa mata harsashi mai ƙarfi ta kan nausa fiye da mai nauyi. Abin da a ke nema shi ne wadda yaro zai iya ɗagawa sau 50 ba tare da ya jingina baya ko hannunsa ya yi rawa ba. Mun gwada bindigogin ƙungiya har sati huɗu, aka ga yana iya ɗaukar lamba 12 mai bututu inci 28, nauyinta ya ɗara laba 7 kaɗan. Aka haɗa shi da harsashi mai sauƙi, na giram 21. Kada wani ya raina wannan, gama ko a Olamfik ma giram 24 ne ƙa'ida.

Abu na uku shi ne iri da kuɗi. Akwai mai ɗura kanta, wadda ta ke da taushin naushi, amma yawancinsu ta dama su ke tofar da kwanso, sai ya gilma ta gaban fuskar mai harbi da hagu. Akwai kuma mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda a ke karyawa a tsakiya a sa harsashi. Ita ce mafi yawan masu gasa ke riƙewa, kuma in an karya ta kowa yana gani daga nesa cewa ba za ta tashi ba. Perazzi ta Italiya da Krieghoff ta Jamus su ne na manya, kuɗinsu ya kan kai na mota. Beretta, wadda tarihinta ya koma 1526, da Browning da Miroku suna yin masu ƙarko waɗanda mai matsakaicin hali zai iya saye. Na sayi Beretta wadda wani ya riga ya yi aiki da ita, bayan maƙerin bindiga ya duba bututunta da makullinta ya ce lafiya lau. Na rubuta wa wana cewa yaro yana cikin girma, bindigar da ta dace da shi bana za ta yi masa kaɗan baɗi, kuma babu mai hankalin da zai sa zarto a ƙotar Perazzi. Sauran kuɗin na ce a ajiye domin harsashi da ladan malami, gama a wannan wasa su ne ke cin aljihu shekara da shekaru.

Abu na huɗu shi ne gyaran ƙota, nan ne kuwa gwanintar maƙeri ta ke. A kan auna tsawo daga kunama zuwa gindin ƙota. Na babban mutum ya kan kai wajen inci 14 da rabi, wannan kuwa ya yi wa yaronmu yawa, gindin yana kama masa riga a hammata duk sa'ad da ya ɗaga. Maƙerin ya yanke inci ɗaya, ya sa roba mai taushi a gindin, har ya zama in yaron ya kwantar da kumatunsa, tsakanin hancinsa da babban yatsansa akwai faɗin yatsu biyu. Guntun da ya yanke ya ba ni in ɓoye, ya ce in yaro ya ƙara tsawo sai a mayar. Sa'an nan ya jiƙa wuyan ƙotar da mai mai zafi, ya danne ta sannu sannu har ta karkata wajen da mai harbi da hagu ke bukata.

Saura tudun ƙota, inda kumatu ke kwanciya. Bindigar soja tana da saiti gaba da baya, amma wannan ba ta da na baya, idon maharbi shi ne saitin. In tudun ya yi ƙasa, ido ya kan nutse bayan ƙarfe, harbi ya tafi ƙasa, ko kuwa yaro ya ɗaga kai domin ya gani, ƙota ta mare shi. Fuskar yaro ba ta kai ta babba cika ba, saboda haka tudun manya ya kan yi masa ƙasa. Don a tabbatar, aka kai shi gaban wani allon ƙarfe da a ka shafa wa farin fenti, ya tsaya daga yadi 16, ya harbi ɗigon tsakiya sau biyar. Ƙa'idar maƙera ita ce, kowane inci ɗaya na kuskure a allon, kashi ɗaya cikin 16 na inci ne za a gyara a ƙota. Harbinsa ya taru inci 4 ƙasa da ɗigon, watau a ɗaga tudun rubu'in inci. Na sa aka yi masa tudu mai kusoshi, wanda a ke iya ɗagawa ko a sauke, domin kada mu riƙa komawa wurin maƙeri duk sa'ad da fuskarsa ta sake. Tun daga ran nan ban sake ganin ja a kumatunsa ba, kuma ya daina runtse ido.

Game da doka, a Ingila sai da takardar izini daga 'yan sanda a ke mallakar irin wannan bindiga, su kan kuma zo gida su ga akwatin ƙarfen da za a kulle ta. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ba da ita kyauta ga wanda bai kai 15 ba, kuma wanda bai kai 15 ba ba ya riƙe ta a haɗe sai a gaban babba mai shekara 21 ko fiye. Saboda haka bindigar da sunana ta ke, mabuɗin akwatin kuwa ba ya barin aljihuna. A Nijeriya ma dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba da lasisi ba. Kada wani yaro ya karanta wannan takarda ya je ya ɗauko ta farautar ubansa yana harbin kwalabe a bayan gari, wannan ba shi ne abin da na ke magana a kai ba.

Akwai abubuwa uku da na ɗora wa yaron, na ce ran da ya karya ɗaya, ran nan wasa ya ƙare. Na ɗaya, bindiga a karye ta ke, ba harsashi a ciki, sai ya shiga wurin tsayawa bakinta na duban fili. Na biyu, ba ya harbi sai da tabarau da abin toshe kunne, domin ƙarar bindiga tana cin ji kaɗan kaɗan, jin da ya tafi kuwa ba ya komowa. Na uku, kada harsashin lamba 20 ya shiga aljihunsa ko da wasa. Dalili kuwa, in ya faɗa bututun lamba 12 ya kan zurma ciki ya maƙale ba a ganinsa, in aka sa na 12 a bayansa aka harba, bututun ya kan fashe a hannun mutum. Rigakafi ya fi magani.

To, jama'a, wanda Allah ya ba shi riƙon yaro mai son wannan wasa, ya fara kai shi wurin malami a duba idonsa, ya bar shi ya gwada bindigogin ƙungiya, sa'an nan ya saya daidai ƙarfin yaron da ƙarfin aljihu, ya kuma koma a sake aunawa bayan kowane wata shida muddin yaron yana girma. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu ikon riƙe amana, amin. 

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Ingila.