Sauron rana da mai ƙaramin ciki

Duk wanda ya tashi a nan Sabo ya san sauron dare, mai kuka a kunne, mai kawo maleriya. Shi muke kafa wa gidan sauro. Amma yana da ɗan'uwa da ba mu cika kula da shi ba. Baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma lis. Masana na kiransa Aedes. Bai cika son ruwan kwata ba, ya fi son na randa da durom da bokitin da aka bari a buɗe, da wanda ya kwanta cikin tsohuwar taya a wurin mai faci. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara da kuma cutar Zika. Zikar nan ce ta sa na ɗauki biro, don 'yata tana da ƙaramin ciki.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. A dajin Zika na ƙasar Yuganda aka fara gano ƙwayar a jikin biri a 1947, kuma tun shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ibadan suka same ta a jinin mutane a garin nan da muke ciki. Duniya ba ta ɗauke ta da zafi ba sai a 2015, da aka fara haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna da yawa a arewa maso gabashin Birazil. A Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana abin a matsayin na gaggawa. Irin wadda ta yi ɓarna a Birazil ɗin ta ƙetaro har Angola.

Ga babba, ciwon ba wani abu ba ne: ɗan zazzaɓi, ƙuraje, jan ido, ciwon gaɓoɓi, kwana kaɗan ya wuce. Yawanci ma ba sa jin komai. Ɗan cikin ne ke shan wahalar. Ƙwayar takan bi jinin uwa ta ratsa mabiyiya, ta nufi ƙwayoyin halittar farko waɗanda daga cikinsu ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Su ne iri. Ta shige su, ta hana su hayayyafa, ta kashe wasu, kamar gara ta cinye iri tun kafin ya tsiro. Ƙoƙon kai kuwa girman ƙwaƙwalwa yake bi, in ta tsaya shi ma ya tsaya. Sai a haifi yaro da ƙaramin kai, wani da farfaɗiya, wani da matsalar ido ko kunne, wani gaɓoɓinsa a sandare. Wani kuma a haife shi lafiya lau a ido, sai daga baya a ga ya makara wajen zama ko magana. Ba kowace ce za ta haifi irin wannan ba: hukumar ta ce tsakanin 5 zuwa 15 cikin 100 na jariran matan da suka kamu ne ke samun matsala. Amma har yau babu allurar rigakafi, babu maganin da ke kashe ƙwayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, haɗarin ya fi yawa a watanni uku na farko, daidai lokacin da mu mata muke ɓoye ciki. Mai ɗan fari kuwa kunya ba ta barinta ta faɗa ko wa uwarta. Ba a zuwa awo sai ciki ya turo riga. Ni dai na ce wa tawa: "Ke, ajiye kunyar nan, ki je a buɗe miki kati, kuma duk zazzaɓi ko ƙurjin da kika gani ki nuna wa likita, ban da sayen magani a kemis."

Maza, har da ku a ciki. Ƙwayar takan daɗe a maniyyi, miji yana iya sa wa matarsa. Wanda ya dawo daga inda cutar ke yawo, shawarar hukumar ita ce ya yi wata uku yana amfani da kwaroron roba, in kuma matar tana da ciki, har ta haihu.

Tara ruwa dole ne gare mu, tunda famfo ba kullum yake kawowa ba. To a rufe. Sau ɗaya a mako a juye randa a goge cikinta da soso, don ƙwan sauron nan yana manne wa bango, yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Masu gidajen haya, a sa yara su kwashe gwangwanaye da tayoyin bayan gida. Mai ciki in za ta yi ƙailula, ta shiga gidan sauro.

In kuma Allah ya kawo yaro mai ƙaramin kai a gidan maƙwabta, a daina cewa aljanu ne suka musanya shi, ko uwar ce ta yi yawon almuru. Dalilan suna da yawa, Zika ɗaya ce daga ciki. A raka ta asibiti da wuri, domin gashin ƙashi da kulawar likita tun yaro yana jariri suna rage wahala ƙwarai.