Moɗa Ɗaya

A wani ƙauye kusa da Galmi akwai wata mace mai ƴaƴa huɗu, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Mijinta ya tafi cirani Abijan, ya bar ta da goyo da gonar albasa. Tana ɗaukar ruwa tun asuba, da dare kuma jariri ba ya barin ta barci.

Wata safiya ta ji zafi a cikin leɓenta na ƙasa. Da ta duba madubi sai ta ga wani ɗan gyambo, bai kai ƙwayar wake ba, tsakiyarsa fari, gefensa ja. Ƙarami ne, amma miya ta gagare ta sha, waƙa ma da ƙyar. Bayan kwana goma ya warke. Wata bai cika ba sai biyu suka fito a ƙarƙashin harshe.

Surukarta ta daka kanwa da garin taba ta shafa mata. Matar ta ce, "Inna, ai wuta ce wannan!" Tsohuwa ta ce magani mai zafi shi ke aiki. Washegari wurin ya ƙone, gyambon ya ƙara faɗi.

Ana nan sai magana ta fara yawo a bakin rijiya. Mace ta rame, bakinta ba ya rabuwa da gyambo, miji kuwa ɗan cirani ne. Ba wanda ya ambaci sida a gabanta. Amma ran Lahadi bayan sujada, da ta sha ruwa a randar majami'a, sai wadda ke bayanta ta karɓi moɗar ta ajiye, ta ce ba ta jin ƙishirwa. Matar ta gane. Mako uku ba ta taka majami'a ba.

Shugabar zumunta, wata dattijuwa, ta biyo sawunta. Ta ce, "Ɗiyata, zama cikin ɗaka ba ya kawo sani. Ɗauki goyonki mu tafi likita."

Malamar likita ta haska bakin da cocila, ta ja fatar idonta ta ga ta yi fari. Da yardar matar aka gwada jininta: babu sida, sai dai ƙarancin jini. Malamar ta ce irin wannan gyambo ba a ɗaukarsa wurin wani, ko ta moɗa ko ta cokali, yakan kuma warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Daban yake da ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a bayan leɓe lokacin zazzaɓi, waɗanda ake iya ɗauka. Yakan biyo bayan cizon kunci, ko asuwaki mai kaushi, ko gajiya da damuwa, ko rashin sinadarin ƙarfe a jini. Ta ƙara da cewa ko da mutum yana da sida, moɗa ba ta ɗauke da ita.

Maganin da ta faɗa duk yana cikin gida. A sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi, a kuskure baki a zubar, sau uku ko huɗu a yini. A bar barkono da tsamiya da lemun tsami da abinci mai zafi har wurin ya rufe. A sha kunu mai sanyi da fura. In zafi ya hana ci, a haɗiyi farasitamol. Kada a ɗora kanwa, ko taba, ko ƙwayar asfirin a kan gyambon, gama ƙona nama suke yi. Ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ta riƙa cin wake da zogale da ƙwai, da hanta in ta samu, kada kuma ta bi abinci da shayi nan take.

Sa'an nan ta yi musu gargaɗi. Gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ya yi girma, ko ya zo da zazzaɓi da rama, a koma likita, musamman ga mai cin taba. Yaro ƙarami mai tamowa kuwa, in dadashinsa yana jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, a kai shi ran nan, domin ciwon noma yana cin fuska cikin ƴan kwanaki.

Lahadin da ta biyo, dattijuwar ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da aka tashi sujada ta ɗebo ruwa ta miƙa wa matar, ta jira ta sha, sa'an nan ta shanye sauran a gaban kowa. Wadda ta ƙi moɗa ran nan ta sunkuyar da kai. Da maraice ta je gidan matar da ƙwaryar fura, ta roƙi gafara.

Gyambon yakan dawo jefi-jefi, galibi lokacin cirar albasa da aiki ya yi yawa. Matar takan dama ruwan gishirinta, ta bar yaji mako guda, wata ta riƙe mata waƙa har bakinta ya warke.