Ja-gora a Dutsen Kagoro

Wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya dubi gabas zai hangi Dutsen Kagoro. A gindinsa aka haife ni. Kakanninmu a bisansa suka zauna kafin zuwan Turawa, har yanzu ma akwai masu zama can. Baƙi sukan cika garinmu ran 1 ga Janairu domin bikin Afan, waɗansu kuma sukan so hawan dutsen su kwana. To, ni nake yi musu ja-gora lokacin hutu, da abin da na samu nake cika kuɗin makaranta.

A makarantar mishan aka koya mini duba taswira, amma hanyar dutse wurin kakana na koya. Shi ya nuna mini kogon da ƙudan zuma suke, da inda ake samun ruwa da rani.

Wani hutun damina, cikin watan Agusta, baƙi uku suka zo daga Jos. Muka hau lafiya, kowa da jakarsa a baya, ni da tukunya da tabarma. Muka kwana. Kashegari wajen saukowa muka iso wani rafi da muka ƙetare jiya, ruwansa bai kai gwiwa ba. Sai na ga ya yi ja, yana tafe da ganye. Kakana ya ce in an ga haka, an yi ruwa a bisa, babban yana tafe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai mu dakata."

Babbansu ya dubi agogo, ya ce, "Kai yaro, mota tana jiranmu. In ba ka wuce ba, ba sauran kuɗi."

Gaskiya gabana ya faɗi, gama saura mako biyu a koma makaranta. Har na sa ƙafa guda cikin ruwa, sa'an nan na janye, na zauna a kan jakata na yi shiru. Ya yi ta faɗa, amma ba wanda ya san hanya sai ni.

Ba a jima ba muka ji ruri kamar na ruwan Matsirga. Rafin ya cika ya shafe dutsen da za mu taka. Muka sake kwana cikin kogo, gyaɗa kaɗai muka ci.

Da muka sauka ya biya ni rabi, wai na ɓata musu kwana guda. Ragowar, akuyar uwata aka kai kasuwa.