Kafet ɗin amaryar da na ɓata

1/ Tunda kuna ta tambayata yadda ɗan Kemistiri a FUDMA ya koma wankin kafet, ku gyara zama.

2/ Yajin aikin ASUU na 2022 ne sila. Aka tafi 14 ga Fabrairu, ba a dawo ba sai Oktoba. Zaman Bauranya ya ishe ni, daga gona sai majalisa. Sai na riƙa shiga Kankia kullum, wurin wani mai wankin mota da ke karɓar kafet da darduma.

3/ A raina cewa nake mene ne abin koyo a nan? Ruwa, Omo, buroshi. Yaran wurin "ɗan boko" suke ce mani, ni kuma wallahi kallon jahilai nake masu. Allah Ya yafe mani.

4/ Sati na 3 aka kawo kafet ɗin tsakiyar falo na wata amarya, ja da ruwan madara, wai daga Saudiyya aka kawo mata. Oga ba ya nan. Na zabga Omo, na dirje iya ƙarfina, wurin da shayi ya zube na ɗiga Hypo, na shanya a tsakar rana.

5/ La'asar na yi, ja ya malala cikin farin, wurin Hypo ɗin kuma ya koɗe kamar tabon ƙuna. Da angon ya zo bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, yanzu me zan faɗa mata? Gwaggonta ce ta ba ta." Da ma zagina ya yi. Kuɗin da nake tarawa na rajista, rabi a nan ya tafi.

6/ Washegari wani yaro da ko firamare bai gama ba ya ja ni gefe. "Yaya, kai ba ka tambayar kafet kafin ka jiƙa shi?" Ya zaro zare ɗaya daga gefe ya kyasta masa ashana. In ya narke ya dunƙule, na roba ne, yana jure wahala. In ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, ulu ne, lallaɓa shi ake.

7/ Sai ya jiƙa farin ƙyalle ya danna a kusurwa. In launi ya biyo ƙyallen, to ruwan sanyi, sabulu kaɗan, kuma cikin hanzari. Abin haushin, na san dalilin fa. Omo alkali ne, ulu kuma furotin ne kamar gashin kanmu, ba sa shiri. Na rubuta wannan a jarabawa, a bakin famfo ne ya ɓace mani.

8/ Sauran a hankali na tsinta, ina kallon hannunsu. A kife kafet a kakkaɓe shi a bushe tukuna, in ba haka ba ƙurar ta zama taɓo. Kumfa mai yawa ba tsabta ba ce, wanda ya maƙale shi ke janyo datti bayan kwana kaɗan, shi ya sa ɗauraya ta fi wankin cin lokaci. Jini kuma ruwan sanyi, na zafi dafa shi yake. Ƙunar garwashin turaren wuta ba ta fita, a nuna wa mai kaya tun kafin a karɓa.

9/ Shanya ma aiki ce. Da hunturu yana bushewa da wuri amma ƙura na jiransa. Da damina in ya kwana da laima, warin nan sai an sake wanki.

10/ Ni abin da na kawo masu ɗaya ne: ruwan khal kaɗan a ɗaurayar ƙarshe ta ulu, yana kashe ragowar sabulun. Sai da yaron ya gwada sau 2 a tsohuwar darduma kafin ya yarda da ni.

11/ Yanzu duk hutu ina wurin. Gobe akwai kafet ɗin masallaci guda 6, bayan Asuba za mu fara don su bushe kafin Juma'a.