Albashin baki daban, na hannu daban

Mu ukku ne munka ajiye koyarwa a wata makarantar kuɗi ta Illela, Illelar jihar Tawa ba ta Amarawa ba, munka samu aiki da wata ƙungiya a Konni cikin watan Yuli. Albashi ya tashi daga jika 90 zuwa jika 160. Tun ba mu ga ko dala ba mun raba kuɗɗin da baki: takin gonar tsoho, hayar gida, kayan lakwal na yara in Oktoba ta kama.

Wata ya ƙare, anka miƙo muna takardar albashi. Kason CNSS mun saba da shi. Layin ITS, wato lanhon albashi, shi ya tsaida muna numfashi. Munka nufi kwantabul da zafinmu, muna zaton an ci mu.

Bawan Allah ya ba mu kujeru, ya ce abu biyu ne. Na farko, lanhon nan hawa-hawa ne, daga kashi 1 har kashi 35 cikin ɗari, kuma mai aiki ke cire shi kowane wata. In albashi ya ƙaru, abin da ya hau bisa shi ke shiga mataki mai tsada, ba duka kuɗɗin ba. Wannan doka ce, babu ja.

Na biyun laihinmu ne. Ya ce: "Malamai, ina takardun aurenku? Ina na haihuwar ɗiyanku?" Ashe ana rage lanho gwargwadon iyalin da mutum ke ɗauke da su, amma sai da takarda. Namu suna can Illela cikin tsohon kundi. A rajistar sabon wuri dukkanmu gwauraye ne, har da mai ɗiya shidda.

Mu biyu munka bi ta Badagishiri munka ɗauko namu, anka gyara a watan Agusta. Na ukkunmu, mutumin wani ƙauye kusa da Galmi a yankin Malbaza, aurensa fatiha ce kawai, ɗiyansa ukku a gida anka haife su, ba a kai sunansu ma'aikatar magajin gari ba. Sai da ya yi ta kai-komo kotu da shaidu har Nuwamba. Watannin nan duka lanhon gwauro ya biya, kayan lakwal ɗin ma da bashi ya saye su. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka, wanda duk anka yi wa tayin sabon aiki, kada ya tsaya ga adadin da anka faɗa mishi. Ya tambayi nawa za ya shigo hannu bayan an cire komi. Ranar sa hannu kuma ya tafi da takardun iyali, don tsohon wurin aiki ba ya aika su. Mai jariri a gida, a yi mishi takarda tun yanzu.

Allah ya sa albarka ga ɗan abin da muke samu.