Ziyarar Durɓi Ta Kusheyi Da Kasuwar Caranci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin wani wuri a ƙasar Katsina wanda ya kamata kowane Bakatsine ya sani, amma kaɗan ne suka taɓa taka shi.

Ran wata Lahadi muka tashi daga Kankiya da asuba, mu da waɗansu abokanmu mutanen Kusada, muka bi ta Katsina muka nufi Durɓi ta Kusheyi. Wurin yana cikin ƙasar Mani, kamar mil 20 gabas da birnin Katsina. Da muka isa aka haɗa mu da wani dattijo ɗan wurin, ya shige gaba muna biye. Abin da mutum zai gani shi ne waɗansu manyan tuddai na ƙasa a fili. Wanda bai sani ba sai ya wuce su, ya ce tudu ne kawai. Nan ne kuwa kushewun sarakunan farko na ƙasar nan, watau Durɓawa. Dattijon ya ba mu labari yadda aka gada daga kakanni, cewa Kumayau ne na farinsu, Sanau ne na ƙarshe, shi ne wanda Korau ya kashe ya karɓi sarauta. Har yau hakimin Mani shi ke riƙe da sarautar Durɓin Katsina.

To, ban da labarin baka, akwai abin da ƙasa ta nuna da kanta. Cikin 1907 Bature Palmer ya haƙa waɗansu tuddan da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Cikin 1959 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin da doka ta tsare. Cikin 1992 masana daga Jamus suka haƙa uku, suka tarad da mutum ɗaya ɗaya a tsakiyar kowane, tare da kayansa. An sami 'yan kunne na zinariya, da duwatsun wuya, da wuri, da wata tasa ƙirar ƙasashen Gabas. Masana sun ce an yi kushewun nan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan Jamus cikin 2007 don a gyara su, aka komo da su Nijeriya cikin 2014.

Jama'a, ku duba wannan al'amari. Wuri ba ya fitowa a Gulbin Maraɗi ko a rafin Kankiya, daga tekun Indiya a ke kawo shi. Ashe tun shekaru ɗari biyar ko fiye, fatake suna ratsa Hamada da raƙuma suna kawo hajja ƙasar nan, suna komawa da tamu.

Da azahar muka juyo, muka ratse kasuwar Caranci, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, gama ran Lahadi ta ke ci. Muka fara da kara, inda dillalai ke ta ciniki da Fulani a kan shanu da tumaki, ana ta albarka ana sallamawa. Muka wuce wajen 'yan hatsi, ga gero da dawa da wake, ma'auna na ta cika tiya. Can ga masu tukwane da tabarmi, nan ga 'yan koli sun baza kayan da aka ƙera a Sin da Indiya. Sai na ga sana'ar da ta kawo tasar nan cikin kushewar Durɓi ita ce ta ke ci har yanzu, sai dai mota ta gaji raƙumi, takardar kuɗi ta gaji wuri.

Ga roƙona. A ƙasar Meksiko mutane kan zo daga ko'ina a duniya don su ga kufan biranen Mayawa, 'yan ƙasar kuwa suna tsaron wuraren, suna kuma cin abinci da su. Mu ga namu a ƙofar gida. Tudun ƙasa ba dutse ba ne, in garma ta ci gefensa, ruwan damina ya bi, ko wani mai kwaɗayi ya haƙa da dare, abin da ya ɓace ba shi komowa. Saboda haka ina roƙon manyanmu da hakimai su sa ido a kan wurin nan. Malaman makarantun Kankiya da Kusada kuma su riƙa kai yara, ko da sau ɗaya a shekara, gama tafiyar yini guda ce, gani kuwa ya kori ji. A kuma rubuta abin da dattawan wurin suka sani tun suna da rai.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Ni ne mai karanta jaridarka kullum,
Wani malamin makaranta, Kankiya.