Inda Shafaƙi Ba Ya Ɓacewa

A watan Yuni jirgin ruwanmu ya ya da zango a Olden, ƙauyen da ke ƙuryar Nordfjord a ƙasar Norwe. Mashigin teku ne mai tsawon kilomita 106, wanda ƙanƙara ta sassaƙa tsakanin duwatsu tun zamanin da. Muka shiga mota, sannan muka taka har gindin Briksdal, reshen Jostedal, tulin ƙanƙara mafi girma a doron nahiyar Turai, wanda yake ta ja da baya tun ƙarshen shekarun 1990. Da narkakken ruwansa muka yi alwala, mu da muka tashi muna tattalin buta guda.

Da dare hankalinmu ya tashi. Mahaifinmu ya karantar da mu cewa lisha tana shiga ne idan jan shafaƙi ya ɓace. A can kuwa har tsakar dare sama ba ta yi duhu ba. Shin mu jira, asuba ta riske mu ba mu yi salla ba? Sai muka tuna maganar malamai: a ƙaddara lokaci da gari mafi kusa inda shafaƙi yake ɓacewa. Haka muka yi.

Ƴan'uwa, duk mai shirin tafiya can ya tambayi hukunci kafin ya ɗaure kaya. Allah Ya karɓi ibadarmu.